Kalmar da Ta Rage wa Sakatare

"Gaba," in ji Sakatare, da muryar nan tasa da ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti.

Babba ya miƙe zumbur daga gefen gado, har gwiwarsa ta ture kofin shayin da ke kan kujera.

"Ka ji ko? Ka ji da kunnenka? Gaba ya ce! Mu yi gaba!"

"Ba haka ya ce ba, Yaya." Auta bai ko ɗaga murya ba. Malamin makaranta ne, ya saba maimaita abu ga wanda bai gane ba. "Jan kalmar ya yi. Gaaba. Gaba irin ta ƙiyayya. Cewa yake tsakaninsa da ku gaba ce, ku da kuke neman sayar da abin da ya gina."

"Kai dai da wasullanka! Mutum bakinsa ya karkace, kana auna masa tsawon wasali?"

Inna tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ba 'ya'yanta take kallo ba. Hannun mijinta na hagu take kallo, wanda shi kaɗai ya rage yana motsi, ga shi yana murza gefen zanin gado. Ta san wannan murzar. Ta kuma san minti biyu gare ta, in ta yi sa'a uku.

"Ku fita," ta ce. "Ku ba shi iska."

"Inna, magana ce mai muhimmanci muke..."

"Na ce ku fita. Ku je ku ƙarasa muhimmancin a tsakar gida."

Suka fita suna tura juna da kafaɗa, ƙattai biyu masu furfura a gemu. Ta mayar da ƙofa ta sa sakata. Ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta jawo robar fitsari daga ƙarƙashin gado. Ta gyara masa, sannan ta kau da kai ta dubi taga kamar yadda take yi kullum, don ko bayan shekara arba'in da biyu da aure Sakatare ba ya son a kalle shi a wannan hali. Da ya gama ya saki ajiyar zuciya, hannun ya daina murza zanin.

A tsakar gida ana ta musu a kan abin da tsohon yake nufi.

* * *

Sakatare ba sunansa ba ne, amma ya daɗe da cinye sunan. Akawu ne a masaƙa lokacin da su bakwai suka zauna a rumfar wani mai gyaran keke suka kafa jam'iyya. Shi ne mai biro a aljihu, sai aka ce ya rubuta abin da aka tattauna. Tun daga ranar kowa Sakatare yake kiransa, har Inna, wadda ta fara da tsokana bakinta ya saba. Shidan nan duk ƙasa ta rufe musu ido. Shi kaɗai ya rage, shi ma rabi.

A da, in ya hau mumbari sai an ja masa riga yake sauka. Amma mutumin da ke iya yin awa biyu yana zazzaga wa gwamnati magana bai taɓa furta kalmar fitsari a gaban mutum ba. "Zan ɗan zagaya," haka yake cewa, ko da daga shi sai matarsa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, shekara ɗaya da rabi ke nan, sai ya kwashe masa kalmomi kaf, kamar ɓarawon da ya samu gida ba kowa. A makon farko a asibiti ya jiƙa shimfiɗa sau uku, sau uku kuma Inna ta ga hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Aka kawo nafkin ɗin manya, ya yage shi da hannun hagu ya jefar. Ran kwana na tara ya kalle ta, ya nuna gabansa da ido, ya yi ta kokawa da harshensa har gumi ya karyo masa, sannan ya ce, "Gaba."

Ta gane. Ta kawo roba. Ranar bai yi kuka ba.

Tun daga nan wannan kalma ita ce katangar da ta raba shi da jariri. Jariri sai dai a tarar ya yi. Shi kuwa yana tambaya, ana kawo masa, yana gamawa a tsabtace. Daga shi sai ita suka san wannan, kuma ba zance ba ne da uwa za ta zaunar da 'ya'yanta maza ta yi musu bayani. Su ma ba su taɓa tambaya ba. Sukan leƙo ranar hutu, su ce "Baba, ya jiki?" su ajiye leda, su duba agogo.

Sai rigima ta ɓarke a jam'iyya, gidan da shekara da rabi ba mai taka shi sai mai kemis ya koma kamar tasha.

Rigimar a kan Sashe na Biyu ce, layi uku da Sakatare ya rubuta da hannunsa: ruwa da makaranta da asibiti ba kayan sayarwa ba ne, kuma jam'iyya ba za ta haɗa kai da mai neman sayar da su ba. Wani ɓangare ya ce a soke sashen, a shigo da manyan 'yan kasuwa, ko a ci zaɓe sau ɗaya a rayuwa. Su ake kira 'Yan Gaba, kuma Babba, injiniya a kamfanin gine-gine, yana sahun farko. Ɗaya ɓangaren ya ce in aka taɓa sashen to babu jam'iyya, sai fanko. Su ne 'Yan Tushe, Auta ne mai rubuta musu takardu. Ran Asabar za a yi babban taro. Kowa ya san in ba a daidaita ba za a rabe gida biyu, kowa kuma ya san wanda ya samu albarkar mutum na ƙarshe cikin bakwai ɗin nan, shi zai tafi da suna da tuta da ofis.

Inna ba baƙuwa ba ce a wannan zance. Tutar farko ita ta ɗinka ta da keken hannu, ja da rawaya, jan ma daga zaninta ta yanka. In Babba ya ce, "Shekara talatin muna da gaskiya, ko famfo ɗaya gaskiyar ba ta gyara ba," sai ta ji bai yi ƙarya ba, don ita ke sayen ruwa a jarka. In Auta ya ce, "Wanda zai ba ku motocin kamfe, shi zai sa mita a bakin famfon," sai ta ji shi ma bai yi ƙarya ba. Abin da ke ba ta haushi shi ne duk cikin masu rantsuwa da asibitin talaka da masu rantsuwa da ci gaba, babu wanda ya san a wane gefe tsohon ke da gyambon kwanciya.

* * *

Ran Alhamis da la'asar Auta ya zo shi kaɗai, da allin makaranta a hannun rigarsa. Shi ne na hannun damanta tun yana ƙarami, shi ke zama da ita a kicin. Ta yanke shawarar gaya masa. Tun safe take jera maganar a ranta, tana neman hanyar da za ta bi ba tare da ta ambaci abin da sunansa ba.

Ta same shi a ɗaki ya kafa wayarsa a jikin kwalbar magani, tana kallon fuskar uban.

"Me ke nan?"

"Ɗauka nake, Inna. In ya sake faɗa, zan kai wa wani abokina mai koyar da harshe a jami'a. Akwai na'urar da ke auna sauti. Za a ga tsawon wasalin ƙiri-ƙiri."

"Kashe. Ba na son ana ɗaukarsa a kwance."

Ya kashe, amma bai mayar aljihu ba. Ya matso yana murmushi. "Bari ki ga wani abu, ki yi dariya." Ya nuna mata wani dattijo mai tumbi, ma'ajin 'Yan Gaba, barci ya sace shi a wajen taro, baki buɗe, yawu na dalala a kan riga. An sa wa hoton kiɗa, an rubuta wani abu a ƙasa. "Mu muka sake shi shekaranjiya. Yanzu ko yaran unguwarsu Mai Dalala suke kiransa. Ya daina fita masallaci ma."

Inna ta san mutumin. Ciwon sukari gare shi. Matarsa ta taɓa kawo mata man zafi.

"Auta," ta ce a hankali, "in da a ce kalmar nan da babanku ke faɗa ba ruwanta da siyasa fa?"

Ya ɗago. Ta ga idonsa ya yi wani haske da ba ta so ba.

"Kamar yaya? Inna, kin san wani abu? Su Yaya sun buga fosta dubbai, hoton Baba da GABA a ƙasa da manyan baƙaƙe. In ta tabbata maganar banza ce, wallahi kafin Asabar mun gama da su. Ba sai an je ƙuri'a ba, dariya kaɗai za ta kashe su. Me yake nufi?"

Ta dubi wayar a hannunsa. Ta dubi Sakatare, wanda idonsa ke kan silin. Ta hango yaran unguwa, ta ji sunan da za su laƙaba masa, sunan da zai bi shi har kabari ya goge Sakataren. Ta haɗiye maganar.

"Ban san komai ba. Tambaya na yi."

Ya daɗe yana kallonta. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ki gaya wa Yaya, in ya hau da Baba kan dandamalin taron nan, ni da shi mun yi hannun riga. Ba a jam'iyya kaɗai ba."

"Ciki ɗaya kuka fito."

"Ai jam'iyyar ma ciki ɗaya ce, Inna."

* * *

Ran Asabar da hantsi Babba ya iso da keken guragu sabo fil, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba. Shekara da rabi tana faɗin keken nan, ana ce mata za a duba. Ga shi ya zo, da sitikar 'Yan Gaba manne a bayansa.

Ta kira shi kicin. Ta juya masa baya, ta kama wanke tukunyar da ta riga ta wanke, don ba za ta iya faɗa tana kallon idonsa ba. Ta faɗa. Ba ta yi kwana-kwana ba, don lokaci ya ƙure. Ta gaya masa asibiti, da nafkin ɗin da aka yage, da kwana na tara, da robar da ke ƙarƙashin gado. Tana magana kunnuwanta na zafi kamar ta tsaya tsirara a kasuwa.

Da ta gama ta waiwayo. Babba ya jingina da bango, ya cire hula. Idonsa ya kawo ruwa.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun farko."

"Ke kaɗai? Kullum?"

"Da wa za ni yi?"

"Allah sarki Baba." Ya share ido da bayan hannu. "Wallahi ban sani ba. Ki yafe mana." Sannan ya ce, "Sau nawa yake nema a rana?"

Wani sanyi ya ratsa ta. Shekara da rabi ba wanda ya yi mata irin wannan tambaya. Ta saki baki tana ba shi labari kamar wadda aka kwance: sau shida, wani lokaci bakwai, in ya sha shayi ko ruwa da yawa, minti arba'in ba ya wucewa, in ya fara murza zani da hannun hagu, to saura kaɗan, ba ya iya riƙewa fiye da minti uku. Babba yana gyaɗa kai yana saurare da kyau, yadda yake sauraren lebura mai ba shi rahoton gini.

"To ka gani," ta ce. "Ka mayar da kekenka. Ko ka bar shi, mu riƙa fita da shi tsakar gida."

"Inna, ba zai yiwu a fasa ba."

"Ban gane ba."

"An sanar. In Baba bai je ba, su Auta za su ce mun ɓoye shi don ya juya mana baya. Kafin azahar matasansu sun cika gidan nan da wayoyi, har cikin ɗakin. Wa zai tare su, ke? Gara can. Minti biyar ne, ya ɗaga hannu a gan shi, mu dawo da shi. Ba sai ya ce komai ba. Yanzu da na sani, ni da kaina zan kula."

Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta ji motsi daga ɗaki. Wani daga cikin mutanen Babba ya riga ya ciro farar rigar Sakatare daga akwati, wadda yake sawa a manyan taruka, ya rataye ta a jikin ƙofa. Tsohon ya kafe rigar da ido. Gefen bakinsa mai rai yana rawa, hannunsa na hagu ya miƙe yana nuna ta. Wata goma sha takwas yana kallon silin ɗaya, ya san duk tsagar da ke jikinsa. Yana son fita. Ko makaho ya shigo ɗakin zai ji haka.

Ita ta sa masa rigar. Ta gwada kawo nafkin a ɓoye cikin zani, ya ture hannunta, ya kalle ta da idon da ya sa ta ji kunya. Ba ta ba shi shayin safe ba, ta dai jiƙa masa leɓe. Ta sa robar fitsarin a cikin jakarta, ta rufe da ɗankwali.

* * *

Zauren taron ya cika har baranda. An raba kujeru gida biyu da hanya a tsakiya, ba wanda ya ce a yi haka, kowa dai ya san gefensa. Fankokin sama suna juya zafi. A bakin matakalar dandamali wani ƙato mai baƙin tabarau ya tare Inna.

"Hajiya, manyan baƙi ne kawai a sama."

"Mijina ne."

"An tanadar wa iyali wuri." Ya nuna mata layi na tara, tsakanin wasu mata masu busa usur. Ta nemi Babba da ido, ya ɗago mata hannu daga sama, alamar kar ta damu. Ta zauna da jaka a cinya. A ɗaya gefen ta hango Auta, ya harɗe hannu a ƙirji, bai dubi inda take ba.

Da aka turo keken, zauren ya tashi tsaye gaba ɗaya, hagu da dama. Wannan tafin na gaskiya ne, Inna ta san bambanci. Sakatare ya ɗaga hannun hagu, hularsa ta ɗan karkace, fuskarsa ta yi wani haske da ta manta yana da shi. Ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Ta ce a ranta, to, minti biyar.

Minti biyar suka wuce ba a sauko da shi ba. Shugaban taro ya fara jawabi. Sai ta ga Babba ya durƙusa a gaban keken, ya buɗe robar ruwa mai sanyi, ya tallafi kan uban ya kai masa baki. Tsohon da bai sha komai ba tun asuba ya kama sha kamar raƙumi. Masu ɗaukar hoto suka yi caa a kansu. Matar da ke kusa da Inna ta dafe ƙirji.

"Allah sarki! Hajiya, kin haifi ɗa. Dubi yadda yake tattalin mahaifinsa."

Robar ta ƙare. Babba ya buɗe ta biyu. Da ya miƙe, Inna ta ga ya duba agogon hannunsa.

Nan ta gane. Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta kutsa ta kan ƙafafun mata, ana "Hajiya, a hankali mana," ta isa hanyar tsakiya, ta tarar matasa sun toshe ta, sun riƙe hannun juna don kar ɓangarorin su gauraya. Ta ce su ba ta hanya, ba wanda ya ji. Ta kira Babba da sunan da ta raɗa masa, lasifika ta haɗiye muryarta. Ta juya wajen Auta. Taku goma ne tsakaninsu, in ta yi ihu zai ji, zai kuma iya fasa layin nan. Amma sai ya tambaye ta dalili, ga wayoyi ɗari a ɗage kewaye da shi. Ta tsaya a nan, jaka a ƙirji, kafaɗun mutane sun matse ta gaba da baya.

Aka yi jawabi na biyu. Aka yi na uku. Wani ya karanta Sashe na Biyu, rabin zaure ya yi tafi, rabi ya yi ihu. Inna ba ta ji ko ɗaya ba. Hannun hagu take kallo. Yana kan gwiwa, a kwance. Yana nan a kwance. Sai yatsun suka tattaro farar rigar suka fara murzawa.

Ba ita kaɗai ta gani ba. Babba ya raɗa wa shugaban taro magana, aka katse mai jawabi a tsakiyar jimla.

"'Yan'uwa," in ji Babba, "ga uban jam'iyya. Ciwo ya hana shi dogon bayani. Amma mu tambaye shi. Baba, ina muka dosa? Mu tsaya inda muke, ko kuwa?"

Ya kai makirufo bakin tsohon. Zauren ya yi tsit.

Sakatare ba taron yake kallo ba. Idonsa na yawo a kan fuskoki, layi bayan layi, yana neman mutum ɗaya.

"Gaba," ya ce. Lasifika ta ɗauki kalmar ta buga ta a bango huɗu. "Gaba. Gaba!"

Gefen dama, na 'Yan Gaba, ya fashe. Usur, ganga, kujeru a sama. "Gaba! Gaba! Gaba!" Gefen hagu ya miƙe yana ihun ƙarya ne, Auta ya hau kan kujera, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana faɗin, "Ja ya yi! Gaaba ya ce! Ku saurari wasalin!" Wani ya jefa robar ruwa, wani ya rama da takalmi. Shugabannin 'Yan Tushe suka tattara takardunsu suka nufi ƙofa, jama'arsu na bin su, ana rantsuwar gobe za a buɗe sabon ofis.

Tsohon yana ta faɗa, yanzu ba makirufo, bakinsa kawai take gani yana motsi. Sau huɗu, sau biyar. Daga nan bakin ya tsaya. Ya runtse ido.

Daga inda take ta ga farar rigar ta fara canza launi a cinya, tabon yana faɗaɗa a hankali. Babba ma ya gani. Ya waiga, ya fizge tutar da aka shimfiɗa a kan teburin manyan baƙi, ya lulluɓe wa uban ƙafafu da ita, ya soke gefunan da kyau. Zauren ya ɗauka karramawa ce. Tafin ya ƙaru.

* * *

Da la'asar aka dawo da shi. Babba bai shigo ba, ya ce ana jiransa a gidan rediyo. Daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ba wanda ya lura, wallahi. Kuma abin da za mu yi wa talakawa in mun ci..." Ta rufe ƙofar kafin ya ƙarasa. Keken ma mutanensa suka tafi da shi, wai na ofis ne. Auta ya aiko saƙo ta waya: ba zai ƙara taka gidan ba muddin Yaya na takawa.

Ta wanke Sakatare da ruwan ɗumi, ta shafa masa mai a gyambon, ta canza masa kaya. Duk abin nan bai buɗe ido ba. Ta jiƙa rigar da tutar a baho ɗaya. Tutar ba irin tata ba ce, yadin roba ne na kamfani, ruwa ma ba ya kama shi sosai. Ta shanya su a igiya tare da zannuwan gado.

Washegari ta kawo shayi, ya sha rabi. Ta zauna a kujera tana jira. Minti arba'in suka cika. Hannun hagu ya fara murza zani. Ta matso, ta sa hannu a ƙarƙashin gado ta riƙe robar, tana jiran ya tambaya, don ba ya son a riga shi.

"Sakatare," ta ce. "Ni ce. Ba kowa a ɗakin."

Ya dube ta. Leɓensa ya motsa, ya tattaru kamar zai fito da kalmar. Daga titi wata mota mai lasifika ta wuce, an saka muryarsa a kan kiɗa tana maimaitawa, gaba, gaba, gaba, yara na bin ta da gudu suna amsawa.

Ya rufe bakin. Ya juya fuska ga bango.

Inna ta zauna da roba a hannu har ta ji ɗumin ya iso gefen katifa inda gwiwarta take. Ta tashi ta fita tsakar gida ɗauko busasshen zani. Ba wanda ya bushe tukuna, sai tutar.